Shin rumbun ginannun manhajoji zai raba mu da sake gina WRF kullum?

Wani ɗan'uwa da ke kula da gungun kwamfutocin bincike a wata jami'a ya aiko da tambaya. Ya ce injina goma sha biyu gare su, ba a lokaci ɗaya aka saye su ba. Duk ɗalibin da ya zo aikin hasashen yanayi sai ya zauna ya gina WRF, manhajar hasashen yanayi, daga asalin rubutunta, wani ya kwana biyu yana fama, wani kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki ya koma farko. Ya ji ana cewa Spack, manhajar da ke ginawa da girka wasu manhajoji, tana da rumbu na manhajojin da aka riga aka gina, sai dai mutum ya sauko da su kawai. Ya gwada, amma ya ga Spack ɗin ta yi biris da rumbun ta ci gaba da gini daga tushe. Yana son sanin dalili, da kuma ko abin ya cancanci wahalarsa.

Malam, ya cancanta ƙwarai. Amma rumbun da zai fi yi maka amfani ba wanda ke intanet ba ne, wanda za ka gina da hannunka ne a cikin gidanka. Sai ka fahimci abin da ya sa Spack ta ƙi karɓar kayan rumbun jama'a kafin ka ga dalilin da na faɗi haka, don haka bari mu fara daga can.

Manhaja irin WRF ba ita kaɗai take tsaye ba. Cibiyar NCAR da ke Boulder a Amurka ce ke kula da ita, kuma tana dogara da netCDF, netCDF tana dogara da HDF5, HDF5 tana dogara da zlib (biyun farko na ajiye bayanai ne, zlib kuma ta matse su), sannan ga MPI da ke haɗa injina su yi aiki tare, ga kwamfaila, wato manhajar da ke mai da asalin rubutu ya zama abin da inji ke gudanarwa, ta Fortran da ta C. Kowace daga cikinsu tana da sigogi da yawa da zaɓuɓɓuka da yawa. HDF5 da aka gina da MPI daban take da wadda aka gina babu shi, ko da lambar sigarsu ɗaya ce. Wannan rikicin ne ya sa Todd Gamblin ya fara Spack a 2013 a ɗakin bincike na Lawrence Livermore da ke Kaliforniya, inda ake buƙatar manhaja ɗaya a gina ta da kwamfaila iri-iri da MPI iri-iri, kuma duk su zauna a inji ɗaya ba tare da wata ta taka wata ba.

Dabarar da aka yi ita ce kowane gini a ba shi lambar shaida. Spack tana tattara duk abin da ya shiga ginin, wato sigar manhaja, zaɓuɓɓukan da aka kunna da waɗanda aka kashe, kwamfaila, irin firosesar da aka nufa, rubutun girkin da ke bayyana yadda ake ginin, da lambobin shaidar duk manhajojin da ke ƙarƙashinta, sai ta niƙa su ta fitar da haruffa 32. Su ne kake gani a ƙarshen sunan kowace folda, kuma bakwai na farko ne take nuna maka a allo. Abin lura shi ne lambar ta sama tana ɗauke da lambobin na ƙasa. Idan zlib ta canza ko da ƙanƙani ne, lambar HDF5 ta canza, ta netCDF ta canza, ta WRF ta canza. Rumbu kuwa ba da suna yake ba da kaya ba, da lambar shaida yake bayarwa. Ka ce masa kana son WRF, ya tambaye ka wacce. In lambarka ba ta yi daidai da tasa ba, a wurinsa babu kayan, ko da bambancin zaɓi ɗaya ne tak. Kama da wane ba ta wane.

To abin da ya same ka ke nan, kusan tabbas. Rumbun jama'a na Spack, wanda aka buɗe a tsakiyar 2022 tare da fitowar siga ta 0.18 kuma AWS na kamfanin Amazon ke ɗaukar nauyin ajiyarsa, an gina kayansa ne a kan takamaiman tsarin Linux, da takamaimiyar kwamfaila, da takamaiman zaɓuɓɓuka. Kai kuma ka zo da naka tsarin, da kwamfailar gcc da ta zo da injinka, wataƙila ma da sigar Spack da ba ta dace da ta rumbun ba. Daga 0.18 ɗin Spack tana ƙoƙarin ta sake amfani da abin da ta tarar a gine maimakon ta nace sai sabo, amma tana yin haka ne kawai idan abin da ta tarar bai saɓa wa abin da ka nema ba. Da zarar ka ƙayyade kwamfaila, ko ka ce sai MPI na gidanka, ka rufe ƙofar da kanka. Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke kawo haka: mutum ya ƙara rumbu amma bai karɓi makullin sa hannunsa ba, ko ya sauko da Spack ta reshen da ake ci gaba da gyarawa alhali rumbun na wata fitacciyar siga ne. Hanyar gane gaskiya ita ce ka tilasta mata: ka rubuta `spack install --use-buildcache=only wrf`. Ta nan ba za ta iya zamewa ta koma gini a ɓoye ba, dole ta tsaya ta gaya maka abin da ta rasa.

An samu sauƙi a sigogin baya-bayan nan. Daga 0.22 ta 2024 Spack ta fara lissafa glibc, babban laburaren C na Linux, a matsayin abin dogaro, wanda ya ba ta damar karɓar ginin da aka yi a wani rarrabon Linux daban matuƙar glibc ɗin ya dace. Siga ta 1.0 da ta fito a Yulin 2025 ta mai da kwamfaila kanta ɗaya daga cikin abubuwan dogaro. In kana kan tsohuwar siga, sabuntawa kaɗai za ta rage maka wani ɓangare na ciwon kan.

Yanzu mu zo ga abin da ya sa kai ginannen kaya daga wani inji zuwa wani yake da wuya tun asali, domin a nan ne mafi yawan masu kafa rumbu suke tuntuɓe.

Na farko adireshi. Manhajar da aka gina tana riƙe da cikakken adireshin foldar da aka gina ta a ciki. Spack tana rubuta wa kowane fayil inda zai samo laburarensa, abin da ake kira RPATH, shi ya sa ba ka buƙatar ka riƙa wasa da LD_LIBRARY_PATH. Amma in an gina a `/opt/spack` aka sauke a foldar wani ɗalibi, dole a bi fayil-fayil a canza adireshin. Na RPATH yana da sauƙi, akwai patchelf da ke yin wannan aiki. Matsalar tana ga adireshin da ya maƙale a tsakiyar fayil a matsayin rubutu. Ba za ka iya cusa dogon adireshi a gurbin gajere ba sai ka ture abin da ke gaba, fayil ya lalace. Gajere dai yana shiga gurbin dogo. Saboda haka mai gini yake tsawaita adireshinsa da gangan, kamar tela da ke barin ƙarin yadi a cikin kalmasa don mai riga ya samu abin saki. A Spack saitin sunansa `padded_length`, kuma 128 ne aka saba sawa. Conda, wata manhajar raba ginannun kaya, ita ma haka take yi, tana gini a adireshi mai haruffa 255. Ka kunna wannan a injin da kake gini kafin ka gina komai. Na taɓa cika rumbu na mako guda cur ban kunna ba, ranar da aka zo saukewa a foldojin ɗalibai masu dogon suna sai rabin kayan suka ƙi zama. Babu gyara, sake gini aka yi.

Nix da Guix, wasu manhajojin girka kaya irin Spack, sun kauce wa wannan ta wata hanya: kowa a duniya yana ajiye kayansa a wuri ɗaya, `/nix/store` ko `/gnu/store`, don haka babu abin da za a canza. Hanya ce mai tsafta, kuma tunanin lambar shaida da nake ta bayani a kai daga aikin digirin Eelco Dolstra na 2006 a Utrecht ya shahara. Sai dai tana buƙatar ikon mai gida a kan inji, wanda ɗalibi a babbar kwamfutar haya ba shi da shi. Kai da kake riƙe da makullin gungunku kana iya cin wannan riba ko da Spack: ka sa adireshi ɗaya a duk injina, magana ta ƙare.

Na biyu glibc, laburaren da kusan kowace manhajar Linux ke jingina da shi. Ƙa'idarsa hanya ɗaya take bi: abin da aka gina a kan tsoho yana aiki a kan sabo, abin da aka gina a kan sabo ba ya aiki a kan tsoho. A cikin rarrabon Linux, CentOS 7 tana da glibc siga ta 2.17, Rocky 8 tana da 2.28, Rocky 9 tana da 2.34, Ubuntu 22.04 tana da 2.35. In ka gina a kwamfutar tafi-da-gidanka mai Ubuntu 22.04 ka kai gungun da ke kan Rocky 8, saƙon da zai tarbe ka shi ne ba a samu `GLIBC_2.34` ba. Don haka ka yi gini a kan tsarin da ya fi tsufa a cikin waɗanda kake son su ci moriyar rumbun. Mutanen Python sun daɗe da gane wannan, shi ya sa ma'auninsu na raba ginannun kaya, manylinux2014, ya tsaya a kan CentOS 7.

Na uku, wanda ya fi shafar ka tunda ka ce ba lokaci ɗaya aka sayi injinanku ba, shi ne irin firosesa. Spack in ka bar ta da son ranta tana duba injin da take kai ta gina daidai da shi. Idan injin da ɗalibai ke shiga shi ne sabo, mai Xeon na zamanin Skylake ko bayansa, za ta gina da umarnin AVX-512, wanda tsofaffin firosesa ba su sani ba. Aikin ya faɗa kan tsohon inji na zamanin Haswell, ko AMD kafin Zen 4, sai ya mutu nan take da `Illegal instruction`. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne yau aiki ya tafi, gobe ya mutu, alhali ba a taɓa komai ba. Ruwa ba ya tsami banza: Slurm, manhajar da ke raba wa injina ayyuka, ita ce ta jefa shi a wani inji daban.

Maganin da rumbunan jama'a suka zaɓa shi ne su gina a matakin da kusan kowa ke da shi, galibi `x86_64_v3`, wato duk firosesar da ke da AVX2 da FMA, daga Haswell ta 2013 zuwa sama. Rigar kanti ke nan, tana shiga jikin kowa amma ba ta zauna kamar ta tela ba. Tambayar ita ce nawa kake asara. Amsar ta danganta da manhaja, kuma a nan ne mutane ke yin kuɗin goro. Ga cmake, da perl, da autoconf, da python, da zlib da ire-irensu, waɗanda su ne suka fi yawa a jerin abin da ake ginawa, ba ka asarar abin da za ka ji a jikinka. OpenBLAS, laburaren lissafi, in an gina ta da zaɓin gane firosesa lokacin aiki, da kanta take zaɓar lissafin da ya dace da injin da ta tsinci kanta, haka ma MKL ta Intel. GROMACS kuwa, manhajar kwaikwayon motsin ƙwayoyin sinadarai, akasin haka take: lokacin gini take zaɓar irin umarnin da za ta yi amfani da shi, har takan yi maka gargaɗi a fayil ɗin rahoto in ta ga injin ya fi ƙarfin ginin da aka yi mata. Irin wannan ita ce ta cancanci a ɗinka mata nata. WRF kuma sau da yawa saurin kai-kawon bayanai tsakanin firosesa da ƙwaƙwalwar ajiya ne ke riƙe ta fiye da faɗin umarni, don haka kada ka ɗauka AVX-512 za ta ninka maka gudu. Ka gina iri biyu, ka gudanar da hasashen awa shida na yanki ɗaya a kan kowanne, ka duba agogo. Gani ya kori ji.

Shawarata ga gungu mai injina goma sha biyu: ka duba wanda ya fi tsufa, ka sa matakinsa ya zama na kowa a fayil ɗin `packages.yaml`, sannan ka ware manhaja ɗaya ko biyu da gwaji ya nuna suna cin riba ka yi musu gini na musamman, ka raba layin Slurm yadda ba za su faɗa inda ba su dace ba.

Akwai wata riba a nan da ba a cika faɗa ba, kuma ni a ganina ta fi ta lokaci. Lissafin kwamfuta na lambobi masu ɗigo ba ya fita daidai wa daida idan aka canza kwamfaila ko umarnin firosesa. FMA tana haɗa ninkawa da tarawa ta zagaye sakamako sau ɗaya maimakon sau biyu, sai lambar ƙarshe ta ɗan bambanta. A lissafin yanayi wannan ɗan bambancin yana girma da tafiyar kwanaki, har ka ga taswirar ruwan sama ta ɗalibi ɗaya ta saɓa da ta abokinsa alhali bayanai ɗaya suka shigar. In kowa da nasa ginin, mai duba aikinsu ba zai san ko bambancin daga canjin da suka yi a kimiyyar ba ne ko daga kwamfaila. In duk daga rumbu ɗaya suka ɗauka, an cire wannan shakka. Ɗalibi ya rubuta lambar shaidar ginin a kundinsa, bayan shekara uku wani ya zo ya sauko da ainihin abin da aka yi aiki da shi.

Sai MPI, wanda shi ne ƙashin da ke maƙale wa kowane rumbu a wuya. MPI tana magana kai tsaye da katin sadarwar inji da kuma Slurm. Wadda aka gina a wani wuri ba ta san InfiniBand ɗinka, wato hanyar sadarwa mai sauri tsakanin injina, ba, ba ta san sigar PMI, hanyar da Slurm ɗinka ke bi ta tayar da aikin MPI, ba. Mafi munin abin shi ne sau da yawa ba ta mutuwa, sai ta lallaɓa ta koma bin hanyar Ethernet a hankali, kai kana zaton komai lafiya, aiki yana cin ninkin lokacinsa. Wani lokacin kuma ka nemi aiki ɗaya mai hannu 64 ka samu ayyuka 64 kowanne yana zaton shi kaɗai ne. Kuma ba a musanya Open MPI da MPICH bayan gini, domin tsarin cikinsu ya bambanta. Dangin MPICH, wato ita da Intel MPI da ta Cray, sun yi yarjejeniyar dacewa da juna tun 2013, kuma ma'aunin MPI 5.0 na 2025 ya kawo tsari guda na kowa, amma kafin wannan ya game ko'ina za a ɗan jima. Abin da ake yi a aikace shi ne ka gina MPI ɗaya da ta dace da injinanka, ka gwada ta tsakanin injina biyu ka tabbatar da gudunta, ka ce wa Spack wannan ce kaɗai, kada ta gina wata. Daga nan duk abin da ke saman MPI, har da HDF5 da netCDF da WRF, lambar shaidarsu ta zama taku ku kaɗai a duniya. Babu rumbun jama'a da zai taɓa samun su. Ka ga dalilin da na ce rumbunka ne zai fisshe ka. In gungunku Ethernet kawai yake da shi, abin ya fi sauƙi, amma haɗin da Slurm yana nan sai ka duba shi.

Kafa rumbun kansa ba wani abu ba ne. Folda ce kawai. Tana iya zama a faifan da duk injina ke gani, ko a bayan ƙaramar sabar yanar gizo, ko a ma'ajiyar intanet irin S3, ko, daga siga ta 0.21, a rijistar kwantena irin ta GitHub. Ka rubuta fayil ɗin `spack.yaml` guda da ke lissafa abin da sashenku ke buƙata, ka bar Spack ta warware shi ta fitar da `spack.lock`, ka gina, ka tura da `spack buildcache push`, ka sabunta fihirisa. Mantuwa da fihirisar nan ta sha sa mutane rantsuwa cewa rumbu ba ya aiki, alhali kayan suna ciki, jerin sunayensu ne ba a sabunta ba. Shi kuwa `spack.lock` shi ne zuciyar al'amarin. A cikinsa aka daskarar da kowace lambar shaida. Ɗalibin da ya karɓi wannan fayil ba ya sake warware komai, don haka babu yadda za a yi ya nemi abin da rumbu ba shi da shi. Ka ajiye fayilolin biyu a git, manhajar da ke riƙe tarihin gyaran fayil, ka tsaya a kan fitacciyar siga ɗaya ta Spack, kada ka sabunta sai lokacin hutun zango. Wanda ke jan sabon gyara kowane mako, kowane mako lambobinsa canzawa suke, rumbunsa ya zama juji.

Batun wuta da ka ambata, rumbu yana taimakawa ta wata fuska. Spack ba ta sake gina abin da ta riga ta kammala, don haka in wuta ta ɗauke manhajar da ake kai ce kawai ta lalace. Akwai kuma saitin `autopush` da ke tura kowace manhaja rumbu da zarar an gama ta, yadda ko faifan injin ginin ya mutu ba ka rasa aikin kwana uku ba. Manyan da ke cin awanni, irin LLVM da OpenFOAM da ita WRF, ka gina su a injin da ke kan batir, sau ɗaya.

Tunda rumbu folda ce, yana shiga faifan aljihu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da data ke da tsada kuma intanet ke yankewa. Sashe biyu a jami'o'i biyu, a ce ɗaya a Zariya ɗaya a Kano, in suka daidaita a kan tsarin Linux ɗaya da matakin firosesa ɗaya da MPI ɗaya, ɗaya ya gina ya ba direba faifai ya kai wa ɗayan. Umarnin `spack mirror create` kuma yana tattaro asalin rubutun duk manhajojin a wuri ɗaya, yadda ko babu intanet sam ana iya gini. Ni wannan nake fara yi duk inda na je, domin yawancin ginin da na ga ya karye a wurarenmu ba kwamfaila ce ta karya shi ba, saukowar wani fayil ne ta yanke.

Amma da zarar kaya ya fara tafiya daga hannu zuwa hannu, maganar amana ta shigo. Ginanniyar manhaja ba a karanta ta. Duk wanda ke iya rubutu a rumbunka yana iya gudanar da abin da ya ga dama a asusun kowane ɗalibi. Lambar shaida ba ta kare ka daga wannan, domin abin da aka ce an zuba a ginin take shaidawa, ba abin da ya fito ba. Sa hannu ne ke karewa. Spack tana amfani da GPG: ka ƙirƙiri makulli, kowane gini ya fita da sa hannunka, masu saukewa su karɓi ɓangaren makullin na jama'a sau ɗaya. Za ka ga ana ba da shawarar a ƙara `--no-check-signature` don a wuce wurin. Don gwaji a injinka kai kaɗai babu laifi, amma kada ya shiga takardar da za ka raba wa ɗalibai, domin abin da aka koya da farko shi ake riƙewa. Makullin sirri ya zauna a injin gini, ɗalibai su samu ikon karantawa kawai. Aikin Spack kansa haka yake yi: ginin da ake yi don gwada gudummawar baƙi ba ya shiga rumbun da ake rabawa, sai an karɓi gyaran an sake gini a injinan da aka killace sannan a sa hannu.

Kada kuma ka ɗauka gini daga tushe shi ne tsira. Ɓoyayyar ƙofar kutsen da wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ya gano a xz, manhajar matse fayil, a Maris 2024, a siga ta 5.6.0 da 5.6.1, an ɓoye abin kunna ta ne a cikin ƙunshin asalin rubutun da ake rabawa don a gina. Ɗalibai talatin da ke gini kowa da kansa ba su karanta layi ɗaya na abin da suke ginawa ba. Rumbu ɗaya aƙalla yana ba ka wuri ɗaya da za ka duba ka ce wannan sigar tana cikinmu ko ba ta ciki, ka cire ta rana ɗaya.

Lasisi ma ka kula. WRF kyauta ce ga kowa, haka GROMACS da Quantum ESPRESSO ana iya raba su. VASP da Gaussian na kuɗi ne, lasisinsu bai yarda ka ba wanda bai biya ba. In akwai masu amfani da su a gidanku, ginin nasu ya zauna a foldar da masu lasisi kaɗai ke shiga, kada ya hau faifan da zai tafi wata jami'a.

To rumbunan jama'a fa, a watsar? A'a. Suna da amfani ga kayan ƙasa, waɗanda ba su taɓa MPI ba, kuma suna rage maka awannin farko. Akwai na E4S, wanda ya fito daga shirin manyan kwamfutoci na ma'aikatar makamashin Amurka, yana da tarin laburaren lissafi. Akwai kuma EESSI ta Turai da ta bi wata hanya daban gaba ɗaya: ana gina komai da EasyBuild, manhajar gini irin Spack wadda ta samo asali a Jami'ar Ghent ta Beljiyam, ana gina kowace manhaja sau da yawa don firosesa iri-iri, sannan a raba ta hanyar CernVM-FS, tsarin da CERN, cibiyar binciken fizik ta Turai, ta ƙirƙira don raba manhajojin gwaje-gwajenta ga cibiyoyi a duniya. A wurinka tana bayyana kamar folda, `/cvmfs/software.eessi.io`, fayil ba ya saukowa sai an buɗe shi, kuma da ka shiga take gane firosesarka ta ba ka ginin da ya dace. Ta zo da nata glibc, don haka tsufan tsarinka bai dame ta ba. Ina son ta ƙwarai, amma tana son intanet mai ɗorewa. In za ka gwada, ka sa sabar Squid a cikin gida ta riƙe abin da aka riga aka sauko, in ba haka ba injina goma sha biyu kowanne zai ja fayil ɗaya daga Turai.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka tambayi kanka: ɗalibanka suna canza rubutun WRF kuwa? Mafi yawa ba sa canzawa, fayil ɗin saituna `namelist.input` kawai suke gyarawa. Waɗannan ba ma sai sun taɓa Spack ba. Ka sauke ginin sau ɗaya a faifan da kowa ke gani, ka fitar musu da modul ta Lmod, manhajar da ke kunna wa mutum ginin da ya nema, su rubuta `module load wrf` su kama aiki. A nan rumbu naka ne kai mai kula, don ranar da faifai zai mutu ko aka kawo sabon inji. 'Yan kaɗan da ke gyara lissafin gajimare ko na ƙasa a cikin WRF dole su gina nasu, amma WRF ɗin kaɗai. Su ɗauki netCDF da HDF5 da MPI daga naka ta saitin `upstreams`, wanda ke sa Spack ɗinsu ta ga kayanka kamar nata. Kwana biyun da ka ce suna ɓatawa, yawancinsa a kan daidaita waɗannan ukun yake tafiya.